Yaya Nuna-Mini da Maɓallin da Ya Ƙi Mama

A gidanmu ba a son kai wa Yaya ƙara. Ba wai tana da faɗa ba, ni ce na kwashe rabon kowa a wannan fanni. Abin da ke korar mutane shi ne, ko da me ka zo mata, fitila ce ta ƙi kamawa ko ƙofar banɗaki ce ta ƙi rufuwa, ba za ta ce maka sannu ba, ba kuma za ta yi maka hasashen abin da ya lalace ba. Sai ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Nuna mini yadda ka yi." Kai da ka zo da zafinka kana neman mai taya ka tsaki, sai ka tsinci kanka kana maimaita abin a gabanta tun daga farko. Da haka sunan ya bi ta, har mijinta Nuna-Mini yake ce mata idan yana jin tsokana.

Tun tana 'yar makaranta take haka. Akwai lokacin da keken ɗinkin Innarmu ya riƙa tsinka zare. Mai gyara ya zo, ya zaro ƙyalle daga jakarsa, ya yi ɗinki sumul, ya ce keke lafiyarsa lau. Yana fita Inna ta zauna, zare ya tsinke. Aka sake kiransa, ya sake yin ɗinki sumul, har ya fara yi wa Inna wani irin kallo. Yaya ce ta zauna a ƙasa ta zuba wa hannun Inna ido, can ta ce, "Inna, shi fa da ƙyallensa yake gwadawa. Ki ba shi yadinki." Yadin Inna mai kauri ne, allurar kuwa ta yi masa ƙanƙanta. Aka canza allura, magana ta ƙare.

Da ta girma sai ta karanci kwamfuta, ta samu aiki a wani kamfani mai ɗakunan awon jini, babban ofis ɗaya da rassa a unguwanni. Ɗakin da take aiki ba shi da taga. Wasu dogayen akwatunan ƙarfe ne a jere suna gurnani, 'yan fitilu kore da ja suna ƙyaftawa, sanyi kuwa kamar me. Ana tsakiyar zafi za ka ga Yaya ta fita da rigar sanyi a jaka. Har gobe idan aka tambayi Inna aikin babbar 'yarta, cewa take yi gadin firji take yi, kuma wai da digiri.

Ni ɗinkin labule nake yi, ban san kan kwamfuta ba, amma Yaya ta yi mini bayanin aikin har na haddace. Duk sakamakon awon da aka yi a rassa yana taruwa a rumbun bayanai, cikin babbar kwamfutar da suke kira saba. Idan ma'aikaci a reshe ya gama rubuta sakamako a shafin intanet na kamfanin, sai ya danna maɓallin da aka rubuta Aika. Maɓallin nan wani dogon layi yake tura wa saba, mai cike da alamomi, irin wanda ake gani a saman shafi. Ta ce in ɗauke shi kamar saƙon da aka ba ɗan aike: je rumbu kaza, nemo takardar wane, sannan ka tayar da jerin umarni kaza. Jerin umarnin nan, da su suke ce wa sikirif, shi ke buga wa sakamakon hatimi ya tura wa likita. Idan an gina layin ba daidai ba, saba na dawo da lambar kuskure. Idan komai ya tafi daidai, sai ta dawo da sifili.

To, a shekarar da suka sayi sabuwar saba, Yaya ce ta kwashe komai daga tsohuwar ta mayar can. An yi ta yaba mata, ba abin da ya ɓata. Bayan 'yan makonni sai likitoci suka fara kira, wai wasu sakamakon daga wani reshe na bayan gari ba sa isowa. Mara lafiya ya koma wurin likita, likita ya ce bai ga komai ba, a sake komawa a karɓo a takarda. Da aka bincika, sai aka ga duk waɗanda suka maƙale na mutum ɗaya ne, wata dattijuwa da ta fi kowa daɗewa a kamfanin. Kowa Mama yake ce mata, har manajan da ke biyanta albashi.

Abokan aikin Yaya biyu suka ɗauki layin suka gwada, ya yi aiki. Suka juya gaba ya koma baya, ya yi aiki. Suka kai tambaya wani zauren intanet inda masu irin wannan sana'a ke taruwa, wani ya ce su canza alamar da ke raba sassan layin, wani ya ce su sake wa sikirif ɗin suna, wani kuma ya rubuta, "Ni dai a wurina yana aiki," ya tafi abinsa. Yaya ma ta zauna ta yi abin da ta saba. Ta kwance layin gaba ɗaya, ta bar sunan rumbu kaɗai ta tura. Ta ƙara sashen nema ta tura. Ta ƙara sashen sikirif ta tura. Kowane karo saba ta ce sifili, sakamakon gwaji kuma ya fita.

Manaja ba mugun mutum ba ne, amma likitoci sun sa shi a gaba. Ya ce tunda layi lafiya, saba lafiya, kowa nasa na tafiya, ai ba sai an yi duba ba. Ko Mama na mantawa da danna maɓallin, ko tana rufe shafin kafin ya gama. Shekaru ne, ba laifinta ba ne. Ya yanke cewa ƙarshen wata za a yi mata sallama ta mutunci ta je ta huta. Yaya ta roƙi a ba ta dama ta je ta gani da idonta tukuna. Ya ce ta je, amma shi bai ga abin da za ta gano a can da ba ta gano a nan ba.

Ranar kuwa motarta na wurin bakanike, don haka ni aka tasa in kai ta a tawa. Ina da labulen wata mata da zan kai, na kuwa fara mita tun daga ƙofar gida.

"Yaya, fisabilillahi, ku uku kun gwada abu ya yi. Tsohuwa ta gaji, ku bar ta ta huta mana. Dole sai kin ƙona mini mai?"

"Mu uku mun gwada a ɗakinmu," in ji ta. "Ba wanda ya ga lokacin da ya ƙi."

"To idan kika je kika tarar mantawa take yi fa?"

"Sai in san na gani. Ki kula da mai babur ɗin can."

Iyakar hirar ke nan har muka isa. Haka take, idan abu na cinta ba ta da baki.

Reshen bene ne ƙarami a kan wani kantin magani. Falon jira da kujerun roba, warin sinadarin goge ƙasa, sai wani ɗaki a ciki mai dogon teburi, kwalaben jini a jere cikin mazauninsu, injin juya jini yana ta ƙugi a kusurwa. Kwamfuta ɗaya ce a ɗakin, kowa da ita yake aiki. Mama doguwa ce, farar rigarta ta sha guga, tabaranta na rataye da igiya a wuya. Ta san abin da ya kawo mu. Ta amsa gaisuwar Yaya a tsaye, ba yabo ba fallasa, irin ta wanda ya riga ya ji hukuncinsa.

Shugaban reshen, wani mai fara'a da saurin magana, ya jawo wa Yaya kujera ya sunkuya kan kwamfutar. "Bari in shigar miki, ya fi sauri."

"A'a, na gode," in ji Yaya. Ta juya wurin Mama. "Mama, don Allah ki kashe ta gaba ɗaya, ki kunna, ki yi yadda kike yi kullum. Kamar ba na nan."

Na sami wuri na jingina da bango, na ce yau za mu kwana. Mama ta zauna, ta saka tabarau. Da yatsa biyu take rubutu. Ta rubuta sunanta, ta rubuta lambar sirrinta, shafi ya buɗe. Ta ɗauki takardar awon wani, ta shigar da lambobin, ta bi su da yatsa ta sake karantawa, leɓenta na motsi. Sannan ta danna Aika, ta naɗe hannu ta jira har shafin ya nuna kore, alamar an gama. Ba ta manta komai ba, ba ta rufe komai ba.

Yaya ta buɗe ƙaramar kwamfutarta ta leƙa cikin saba. Sakamakon na nan zaune, ba hatimi, bai je ko'ina ba.

"Bai tafi ba ko?" Mama ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Bai tafi ba."

Yaya ba ta lallashi Mama ba, ni har haushi ya kama ni, na ce a raina ko ɗan sannu ai ka yi wa babba. Sai ta kira wata ma'aikaciya da ke tsaye bakin ƙofa, ta ce ita ma ta yi nata daga farko. Wannan kam kafin ka ƙifta ido ta shiga, ta rubuta, ta danna. Yaya ta leƙa saba, ya tafi.

"Kin gani ko?" in ji shugaban reshe, a hankali, don kada Mama ta ji zafi.

Yaya ba shi take kallo ba. Ta ce wa ma'aikaciyar, "Tsaya. Da sunan wa kika shiga?"

"Da na yallaɓai mana," ta ce, tana nuna shugaban reshe.

"Naki fa?"

Ta yi 'yar dariya. "Ai tun da aka kawo sabuwar saba namu ke ta neman a canza lambar sirri, yau ka canza gobe ka manta. Shi ne yallaɓai ya ba mu tasa. Kowa da ita yake shiga. Sauran rassan ma haka suke yi, mun tambaya."

"Kowa?"

"Ban da Mama."

Yaya ta dubi Mama. Mama ta gyara tabaranta ta ce, "An ba ni, 'yata, ban karɓa ba. Jinin mutum ne. Idan na aika da sunan wani, ranar da aka yi kuskure wa za a tambaya? Ni haka aka koya mini."

Yaya ta ce, "Mama, ki ara mini kujerarki. Ki sake shiga da sunanki, ki bar mini."

Ta zauna ta sake kwance layin nan kamar yadda ta yi a ofis, sai dai yanzu da makullin Mama, wato sunanta da lambar sirrinta. Sunan rumbu, ya wuce. Nemo takarda, ya wuce, sifili. Ta ƙara sashen sikirif, nan ma sifili. Amma wannan karon ba ta tsaya a shafi mai kore ba, sai ta buɗe ainihin amsar da saba ta dawo da ita, wani dogon rubutu mai cunkoso, ta riƙa gangarawa ƙasa. Can kusa da ƙarshe ta tsaya. Akwai lamba ta biyu a wurin, kuma ba sifili ba ce.

Daga baya ta yi mini bayani a mota. Lambar farko tana cewa ne an samo takardar. Ta biyun ita ce labarin sikirif, kuma abin da take cewa shi ne mai wannan makulli ba shi da izinin tayar da shi. Shafin kuwa lambar farko kaɗai yake dubawa ya nuna kore. Lokacin da ta kwashe kaya zuwa sabuwar saba, izinin ƙananan ma'aikata bai biyo ba, ita kuma ba ta lura ba. Ita da abokan aikinta duk da babban makulli suke gwaji, wanda ba ƙofar da ke ƙin sa. Ma'aikatan rassa kuma sun ari na shugabanninsu. A duk kamfanin, mutum ɗaya ce ke ƙwanƙwasa ƙofar da ƙaramin makulli, ita ce kuma ake shirin kora.

A lokacin dai ban san wannan ba. Abin da na gani shi ne Yaya ta cire hannu daga kwamfutar, ta ce, "Ni ce."

Na ja ta gefe, wajen matakala. Ni fa 'yar'uwata nake ji. Na ce, "Yaya, gyara kawai ki yi shiru. Ki ce saba ce ta yi tutsu, wa zai sani? Mama ta tsira, ke ma kin tsira. Ko kuma ki ce laifin masu raba lambar sirri ne, ai ba ƙarya kika yi ba."

Ta dube ni yadda take dubana tun muna yara idan na kawo shawarar banza. "Idan na ce saba ce, gobe abu kaɗan ya faru za a ce dama tsohuwar nan. Sai an faɗi sunan mai laifi nata zai fita."

Ta koma ɗakin, ta kira manaja, ta buɗe muryar wayar kowa na ji. Ta ce, "Ranka ya daɗe, layin lafiyarsa ƙalau. Mama ma ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, a gabana ta yi. Ni ce ban ba ƙananan makullai izini ba lokacin da na yi ƙaura, kuma ni ce na gina shafin da ke nuna kore alhali aiki bai yi ba. Abin da ya ɓoye matsalar shi ne kowa na shiga da sunan shugabansa. Wannan ma sai an daina, don yanzu haka sakamakon mutane na fita da sunan waɗanda ba su suka yi awon ba."

Shugaban reshe ya sunkuyar da kai. Manaja ya ce, "Mama na kusa?" Aka ce tana ji. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Maganar ƙarshen wata babu ita." Ya ce wa Yaya ta same shi a ofis idan ta dawo, da wata murya da ba ta shan shayi ba ce.

Gyaran kansa bai kai tsawon gaisuwar da muka yi da shigowarmu ba. Ta buɗe izinin, ta tashi daga kujerar, ta ce Mama ta sake dannawa da kanta. Mama ta danna. Yaya ta juyo mata da ƙaramar kwamfutar, ta nuna mata hatimin, da sunanta a ƙarƙashi.

Ba a yi wa Yaya tafi ba, kada ku zata. Ta sha faɗa a ofis, ƙarin girman da ake ta raɗe-raɗin za ta samu ya wuce ta a shekarar. Da ta rufe hanyar aron makulli, ma'aikatan rassa sun daɗe suna amsa gaisuwarta da hanci. Ni kaina na yi kwanaki ina yi mata gorin ta kai kanta mahauta. Sai dai na lura ta buɗe wa kanta wani ƙaramin makulli, mafi ƙanƙanta a kamfanin, kuma har yau ba ta cewa abu ya yi sai ta gwada da shi. Ina alfahari da ita, ko da yake ban taɓa faɗa mata a gabanta ba, don kada kanta ya kumbura.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne tun kafin mu bar reshen. Kowa ya koma bakin aikinsa, Yaya na naɗe wayoyinta, sai Mama ta tura ƙofar ɗakin ta rufe. Mu uku muka rage.

"'Yata, tsakaninki da Allah," ta ce. "Ba don ki rufa mini asiri kika faɗi haka ba?"

"Wallahi Mama ba hannunki ba ne. Nawa ne."

Mama ta zauna a hankali. Ta cire tabaran ta riƙe. "Na yarda fa," ta ce. "Da suka ce mantawa nake yi, da farko na yi gardama. Daga baya na ce mutane da yawa haka ba za su haɗu a kan ƙarya ba. Ina dannawa ina kallon yatsana, in ce to ko yanzun ma gani nake kamar na danna. Yayar mahaifiyata haka ta fara, da ƙananan abubuwa. Ko maigidana ban faɗa wa ba." Ta goge ido da bayan hannu. "Jarirai nake ɗiba wa jini a nan, tun kafin a haifi waɗannan yaran. Tun da abin nan ya fara na ce su riƙa yi. Na ce wadda ba ta san ko ta danna maɓalli ba, ba ta da hurumin kusantar jijiyar ɗan mutane da allura."

Ni kuwa hawaye kawai na ji yana zubo mini. Yaya ta durƙusa a gabanta ta riƙe mata hannu. Ba ta iya lallashi ba, ba ta kuma gwada ba. Cewa kawai ta yi, "Na zauna na kalle ki daga farko har ƙarshe, Mama. Da akwai abin da kika tsallake, da na faɗa miki."

Mama ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Ina jin ta gane cewa wannan ba mai faɗin magana don daɗin baki ba ce.

Dama tun ɗazu akwai jaririn da ke kuka a ɗakin da ke kusa, inda ake ɗibar jini. Kukan ya tsaya ya sake tashi, ya fi na farko, alamar an soka ba a samu ba. Muka ji uwar tana cewa don Allah a bi a hankali. Mama ta juya kai wajen bangon. Ta mayar da tabaranta, ta miƙe, ta je famfon kusurwa ta wanke hannu har gwiwa, ta saka safar hannu, ta buɗe ƙofa ta fita.

Ta cikin bango muka ji muryarta. "Matsa mini nan. Ke kuma uwarsa, riƙe masa kai, ki daina kallon allurar, ni ki kalle ni."

Yaron ya tsala ƙara ɗaya, gajeriya. Sai muka ji Mama na cewa, "Shi ke nan, an gama. Miƙo mini auduga."